ZA'AFARAN: ABIN DA MASU BINCIKE SUKA GANO, DA ABIN DA YA KAMATA KU KIYAYE

Jama'a, ni ma'aikacin ɗakin shan magani ne, kuma ga abin da ya sa na rubuto muku. Bara wani magidanci ya kawo mini matarsa, ƙafafunta sun kumbura, kanta yana sarawa. Tana da hawan jini, amma ta yi wata biyu ba ta sha ƙwayar da aka ba ta ba. Da na tambayi dalili, sai ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ce za'afaran ne, an gaya masa ya fi maganin asibiti. Akuya ya sayar ya saya. Na zuba kaɗan a ruwa, nan da nan ruwan ya yi ja wur. Ashe gashin masara ne aka rina. Ga hasarar akuya, ga mace ta kusa halaka.

To, ku saurara ku ji gaskiyar wannan abu.

MENE NE ZA'AFARAN?

Da yawanku kun san sunansa wajen malamai masu haɗa tawada da shi, ko wajen alhazai masu kawo tsaraba. Ba ɗaya yake da gangamau ba. Gangamau saiwa ce, shi kuwa za'afaran daga fure yake fitowa. Furen shunayya ne, a tsakiyarsa akwai zare ja guda 3 tak. Waɗannan zaruruwa su ake tsinkewa a shanya.

Ba ya yin ƙwayar iri. Yana da kai a ƙarƙashin ƙasa kamar albasa, shi ake rabawa a dasa. A 2019 masu bincike a Jamus suka nuna cewa asalinsa wani furen daji ne na ƙasar Girka.

INA AKE NOMA SHI?

Kashi 9 cikin 10 na za'afaran duniya daga Iran yake, galibi lardin Kurasan. Ana kuma noma shi a Afganistan, da Kashmir, da Girka, da Sifen, da duwatsun Maroko. Yana son sanyi mai tsanani a lokacin hunturu, da rani marar ruwa. Shi ya sa ba ku ganinsa a gonakinmu.

Sau ɗaya yake fure a shekara, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, mako biyu ko uku kawai. Tun da asuba ake tsinka da hannu, kafin rana ta yi zafi. Sai an tara fure wajen 150,000 kafin a sami kilo 1 na busasshe. Ku auna wannan wahala. Dalilin tsadarsa ke nan, kuma dalilin da ya sa macuta suke yin jabunsa ke nan.

ABIN DA KE CIKINSA

Masana sun tace shi, sun sami abubuwa uku manya. Na fari sunansa kurosin, shi ne ke rina ruwa da abinci su yi rawaya. Na biyu fikurokurosin, shi ne ke sa ɗan ɗaci a harshe. Na uku safaranal, shi ne ƙanshin, kuma yawancinsa sai lokacin shanya yake fitowa daga cikin na biyun. Rana da danshi suna lalata su. Saboda haka a kwalba mai murfi ake ajiye shi, a wuri mai duhu.

YANA MAGANI?

Ga abin da aka gwada. A 2005 likitocin jami'ar Tehran ta Iran suka ɗauki mutum 40 masu ciwon damuwa wanda bai yi tsanani ba, watau baƙin cikin da ke daɗewa har ya hana barci da cin abinci. Rabi aka ba su za'afaran da aka tace aka auna, miligiram 30 kullum, rabi aka ba su maganin asibiti. Bayan mako 6 aka ga duka ɓangarorin biyu sun sami sauƙi kusan daidai.

A 2010 kuma, a ƙasar Italiya, aka gwada shi a kan mutum 25 masu wani ciwon ido na tsufa da ya fara kama su. Aka ba su miligiram 20 kullum har wata 3, aka ga idon ya ɗan ƙara jin haske.

Wannan labari ne mai daɗi, amma ku lura da abu uku. Mutanen da aka gwada kaɗan ne. Kwanakin gwajin ma kaɗan ne. Sa'an nan likita ne ya auna musu, yana kuma duba su. Ba a tabbatar da cewa za'afaran yana warkar da hawan jini, ko ciwon sukari, ko sankara, ko rashin haihuwa ba. Wanda duk ya ce muku yana maganin kowace cuta, aljihunku yake nema.

HAƊARINSA

Ɗan kaɗan a shinkafa ko shayi ba ya cutarwa. Amma giram 5 a lokaci guda guba ne, watau abin da ya ɗara nauyin dunƙulen Maggi ɗaya da kaɗan. Yakan kawo amai da jiri da zubar jini. Giram 20 yana iya kisa.

Uwargida, wannan naki ne. In kina da ciki, kada ki sha za'afaran da sunan magani, domin mai yawa yana motsa mahaifa, yana iya jawo ɓari. Wasu suna cewa yana sa jariri ya fito fari. Ƙarya ce. Launin yaro daga iyayensa da kakanninsa yake.

YADDA ZA KU GANE JABU

1. Kada ku sayi gari. Shi ya fi saukin gaurayawa da gangamau ko rini.
2. Ku dubi zaren. Na gaske bakinsa guda a buɗe yake, kamar bakin kakaki.
3. Ku jefa zare biyu ko uku a ruwan sanyi. Na gaske a hankali yake sakin launi, ruwan ya zama rawaya, zaren kuwa yana nan da jansa. Jabu nan take yake rina ruwa, zaren ya koɗe.
4. Ku ɗanɗana. Na gaske da ɗan ɗaci. In kun ji zaƙi, an shafa masa sukari ko zuma don ya yi nauyi.
5. In ya yi araha, ku bar shi. Araha ba ta ado.

SHAWARATA

Maigida, in kana da hali kana son ƙanshinsa a abinci, saya, ba laifi. Amma in wani ya kwanta a gidanka, fara kawo shi ɗakin shan magani a duba shi. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina sai da izinin likita. In kuwa yana shan wani abu a gefe, za'afaran ne ko sassaƙe, ya faɗa mana, ba za mu yi masa faɗa ba.

Kuɗin 'yar kwalba guda ya isa a sayi wake da ƙwai da manja, a haɗa da zogalen bayan gida, yara su ci su yi ƙarfi. Matar nan da na ba ku labari ta koma shan ƙwayarta, kumburin ya saɓe, tana zuwa awo kowane wata. Akuyar ce dai ba ta dawo ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lafiya, amin.