Saura Ƙiris: Haɗurran Da Ba Sa Shiga Lissafin Kowa

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Funtuwa da sanyin safiya a watan Janairu ya san wannan yanayi. Mota ƙirar Sharon ce, an yi mata lodi har bakin but, mutum biyu a gaba kusa da direba, kowa ya rufe hanci da rawani ko gefen mayafi. Hazo ya sauko ya kwanta a kan kwalta, rana ta zama kamar faifan azurfa, ana iya kallonta ido da ido. A gaba akwai tirela tana tafiyar hawainiya. Direba ya leƙa sau ɗaya, ya leƙa sau biyu, a na uku ya karya sitiyari ya fita. Yana kai tsakiyar tirelar sai ga fitilu biyu sun ɓullo daga cikin ƙura, ba a san lokacin da suka iso ba. Salati ya kaure. Mai tahowa ya gangara gefen hanya, tsakuwa ta yi ta tsalle, Sharon ta kutsa ta koma hannunta da tazarar da ba ta fi kamu ɗaya ba.

Shiru na ɗan lokaci. Sai wata dattijuwa daga kujerar baya ta ce, "Haba ɗan nan, ka ji tsoron Allah, rayuka ka ɗauko." Direba ya gyara madubi ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, shekarata ashirin a hanyar nan." Wani ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, wani ya ce Allah dai ya kiyaye gaba, aka koma hirar farashin masara.

Babu wanda ya mutu, babu wanda ya ji ciwo, saboda haka a idon hukuma babu abin da ya faru. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1988 zamanin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, tana tattara alƙaluman haɗarin da ya auku ne: motoci nawa, gawa nawa, masu rauni nawa. Haka ma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda rahotonta na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke rasa rai kowace shekara a kan tituna, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka, duk da ƙarancin motocinta, ita ce ta fi kowace yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Waɗannan lissafin gawawwaki ne. Tsallake rijiya da baya irin ta wannan safiya, wadda ke faruwa ba adadi tsakanin Kano da Legas kowace rana, tana ƙarewa ne a bakin fasinja idan ya isa gida yana ba iyali labari.

Masana kiyaye haɗari sun daɗe suna cewa a nan ake tafka asara. A 1931 wani Ba'amurke ma'aikacin kamfanin inshora, Herbert Heinrich, ya fitar da wani ƙiyasi daga bayanan haɗurran masana'antu: a bayan kowane mummunan rauni guda akwai ƙananan raunuka 29, da kuma aukuwa 300 da aka sha ba tare da ko ƙwarzane ba. An yi ta jayayya a kan ainihin lambobin, wasu na ganin ba su da tushe mai ƙarfi, amma jigon maganar ya tsaya: babban haɗari ba daga sama yake faɗowa ba, yana aiko da 'yan aike tun da wuri.

Masu jiragen sama sun koyi wannan darasi da tsada. Ranar 1 ga Disamba 1974, jirgin kamfanin TWA ƙirar Boeing 727 yana neman sauka a filin Dulles kusa da birnin Washington, cikin hadari da iska, ya sauko ƙasa da wuri ya daki wani tsauni a jihar Virginia. Duka mutum 92 da ke ciki suka rasu. Da aka zo bincike sai aka gano cewa makonni shida kafin nan, wani jirgin kamfanin United ya kusa dukan tsaunin nan saboda irin wannan rashin fahimtar umarnin sauka. Matuƙan sun kai rahoto, kamfaninsu ya gargaɗi nasa ma'aikatan, amma labarin bai fita zuwa sauran kamfanoni ba. Sanadiyyar haka a 1976 aka kafa wani tsari ƙarƙashin hukumar NASA, inda matuƙi zai rubuta kuskuren da ya kusa jawo bala'i, a sakaya sunansa, a yaɗa darasin ga kowa. Matuƙin jirgi ya sha da ƙyar sai ya ɗauki biro. Direban tasha ya sha da ƙyar sai ya ƙara samun abin tutiya a wurin mai shayi.

Abin da ya sa shan da ƙyar ke da haɗari ke nan: yana koya wa mutum darasin da ba shi ba ne. Direban da ya sha gaban tirela cikin hazo sau hamsin bai gamu da kowa ba, ko ya gamu an kauce masa, ya riga ya gamsu cewa gwanintarsa ce. Ba ya lissafa cewa wanda ya gangara gefen hanya ne ya cece shi.

Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan biyu suka fuskanci juna da wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 56 a daƙiƙa. A ranar da hazo ya rage gani zuwa mita 200, daga lokacin da direba ya hango fitilar mai tahowa zuwa taho-mu-gama bai cika daƙiƙa huɗu ba. Wuce doguwar tirela mai gudun 60 kuwa, daga fita zuwa komawa hannu, yana cin daƙiƙa biyar ko shida. Wato tun lokacin da ya karya sitiyari ya riga ya ci bashin da ba shi da abin biya, sai dai ya yi fatan hanya babu kowa.

Burki ma ba ya yin abin da ake zato. Kafin ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a kan burki, daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta wuce, kuma a gudun 120 wannan kaɗai mita 33 zuwa 50 ne mota na tafiya kamar ba a ga komai ba. Bayan nan sai nisan da tayoyi ke buƙata su tsaya, wanda ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake: in ka ninka gudu sau biyu, nisan burki ya ninka sau huɗu. A busasshiyar kwalta, mai gudun 120 yana buƙatar fiye da tsawon filin ƙwallo kafin ya tsaya cak. A jiƙaƙƙiya ya kusa filaye biyu. Doka ta kayyade wa ƙananan motoci kilomita 100 a babbar hanya mai hannu biyu, motocin haya 90, tirela da tanka 60, amma wannan iyaka ce ta ranar da sama take garau. Babu allon da zai gaya wa direba cewa yau 60 ma ta yi yawa.

Shi hazon daga nesa yake tasowa. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ƙura daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki wanda ake lissafa shi cikin manyan matattarar ƙura a duniya. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan fitar da gargaɗi idan gani zai ragu ƙasa da mita 1,000, kuma a irin waɗannan ranaku jirage kan fasa tashi ko sauka a filin Malam Aminu Kano. A tashar motar Unguwa Uku da ke Kano kuwa, ko Kawo a Kaduna, lodi ake yi kamar kullum. Ga kuma hayaƙin ƙunar daji da masu farautar gafiya ke tayarwa a bakin hanya, wanda kan rufe titi ɗungurungum na 'yan mitoci. Da yawa idan suka shiga irin wannan duhu sai su kunna doguwar fitila, alhali haskenta ƙura yake duka ya dawo wa mai shi a ido, ya kuma makantar da mai tahowa. Gajeriyar fitila ce ke aiki a nan.

Damina tana da nata tarkon, kuma mafi sharri shi ne ruwan farko. Wata shida ko bakwai kwalta tana shan baƙin mai, ƙura da burbushin taya. Yayyafin farko bai isa ya wanke ta ba, sai dai ya dama ta ta zama kamar miyar kuɓewa. Idan ruwan ya yi ƙarfi ya kwanta, sai wata matsalar ta taso: zanen da ke jikin taya aikinsa kore ruwa daga ƙarƙashinta, in ya suɗe ko gudu ya yi yawa, sai tayar ta hau kan ruwan ta rabu da ƙasa. Sitiyari ya yi sakwaf a hannu, burki ya zama ado. A ƙasashen Turai doka ta hana amfani da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, kuma abin takaici, da yawa daga tayoyin da aka cire a can su ne ake saukewa a nan da sunan Baljiyam. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Mai faci na iya nuna wa mutum cikin minti ɗaya, in an tambaye shi.

Wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare ita ce kunna sigina biyu da zarar an fara ruwa, a ci gaba da gudu a haka. Mai yin wannan yana ganin ya yi taka-tsantsan. Gaskiyar ita ce ya kashe wa kansa hanyar nuna inda zai juya, kuma na bayansa ba zai iya bambance shi da motar da ta lalace ta tsaya ba. Ita kuma wadda ta lalace ɗin, sau da yawa tirela ce ba fitilar baya, alamarta kawai 'yan rassan bishiya da karen mota ya jera a kan kwalta, waɗanda ruwan ya riga ya share. A gangaren Hawan Kibo kan hanyar Jos zuwa Akwanga, inda kwana da gangara da raɓa kan haɗu wuri guda, wannan ba labari ba ne.

Sai ruwan da ke tsallake hanya. A 2012 da kuma 2022 ambaliya ta shanye hanyar Abuja zuwa Lokoja a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Irin wannan babbar ambaliya takan tsayar da kowa dole. Wadda ta fi cin mutane ita ce ƙarama, ruwan da ya haura kwalbati bayan an ɗauke, wanda direba zai duba ya ce ai wancan ya wuce. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30, wato bai kai gwiwa ba, ya isa ya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuma yana tafiya da yawancin manya. Ba a kuma ganin ko kwalbatin yana nan ko ya tafi.

Adalci ne a faɗi abin da ke tura direba. Motar ba tasa ba ce, akwai balas da zai kai wa mai ita da yamma, akwai kuɗin yuniyon, ga man fetur da ya ninka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Sawu biyu a rana ne ke fitar da shi, ɗaya ba ya isa. A hanyoyi irin na Funtuwa zuwa Gusau ko Birnin Gwari akwai ƙarin dalili: kowa na so ya wuce daji kafin duhu saboda 'yan bindiga, kuma tsayawa a gefen hanya a jira ruwa ya tsagaita na iya zama nasa haɗarin. Fasinjoji ma ba su fita ba. Wanda ya yi salati ɗazu shi ne zai ce, "Malam direba, ka ɗan taka mana, muna da ɗaurin aure ƙarfe biyu." Direban da ke tafiya a hankali sunansa mai sanyin jiki, wanda ke tashi sama kuma ana ce masa ya san hannunsa. Tun Fabrairun 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar kayyade gudu, amma ko inda take aiki, ba ta san ana ruwa ko hazo ba, kuma ba ta hana aron hannu.

Abin da ya ɓace shi ne wurin da labarin dattijuwar nan zai je. Kowace mota ta tasha tana da takardar sunayen fasinjoji da lambobin wayarsu, kowane reshen yuniyon yana da shugaba da sakatare da suka san direbobinsu ɗaya bayan ɗaya, sun san wanda ake yawan kuka da shi. Kira ɗaya bayan an sauka, littafi ɗaya a ofishin tasha da ake rubuta lambar mota da wurin da abin ya faru, sun isa su nuna cikin wata uku wane direba ne ke neman jawo magana, wace kwana ce kuma ke neman cin mutane. Lambar gaggawa ta 122 tana nan, amma ana kiranta ne bayan an ji ƙara.

Sharon ɗin ta isa Funtuwa kafin ƙarfe tara. Dattijuwar ta sauko tana gyara lulluɓi, ta karɓi ƙullin kayanta, ta dubi direban kamar za ta ƙara magana, sai ta fasa ta tari mai babur. Shi kuma ya zuba ruwan leda a gilas, ya goge ƙurar da tsumma domin waifa ɗaya ce ke aiki, ɗan kamasho na ta kiran "Zariya mutum ɗaya, Zariya mutum ɗaya."