Mujallar Waƙa Don Matasan Gadarif: Darasin Da Za Mu Ɗauka Daga Kano

Duk wanda ya saba bin hanyar Gadarif zuwa Galabat da ke bakin iyakar Habasha ya san cewa waƙa ba ta biyan kuɗin kwastan. Waƙar da aka rera a Kano ko Kaduna, kafin wata ya zagayo ta iso rumfunan cajin waya na kasuwanninmu, yara suna tura wa juna. Sai dai sautin kaɗai ke isowa. Sau da yawa yaro bai san wanda ya rubuta waƙar ba, bai san wanda ya yi kiɗan ba. Shi kuwa ƙaramin mawaƙin unguwa, mai cin gashin kansa ba tare da wani kamfani a bayansa ba, sunansa ba ya wuce gidan bikin da ya yi wasa. Wannan giɓi ne da ƙaramar mujalla za ta iya cikewa, kuma 'yan kasuwa na da rawar takawa a ciki.

Ba yau Hausawan Sudan suka fara waƙa ba. A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Falatiya, a Kasala aka haife ta, iyayenta kuwa daga ƙasar Sakkwato suka fito. A 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a gidan rediyon Umdurman, ta kuma rasu a 1974. Muna tunawa da ita ne saboda an naɗi muryarta, an kuma rubuta tarihinta. Mawaƙa nawa ne a ƙauyukanmu suka tafi ba a rubuta komai a kansu ba?

Idan muka waiwayi Arewacin Nijeriya, za mu ga an taɓa gwada irin wannan aiki. A 1998 Sunusi Shehu Daneji ya kafa mujallar Tauraruwa a Kano, kuma a shafinta ne sunan nan Kannywood ya fara bayyana a 1999. A watan Maris na 1999 Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a Kaduna. Mujallun fim ne, amma da yake a lokacin waƙa ce ke sayar da fim, su suka nuna wa matasa fuskokin mawaƙan da ke rera waƙa a bayan fage, waɗanda da murya kawai aka san su. Wasu mujallun sun biyo baya, da yawansu suka mutu bayan 'yan fitowa kaɗan, Fim kuwa ta yi dogon zango. Darasi na farko ke nan: fitowa a kan kari ta fi kyawun bango.

Abu na farko da mai tsara irin wannan mujalla a Gadarif zai fuskanta shi ne rubutu. Yaron Kano da boko yake karanta Hausa. Namu kuwa da Larabci ya yi karatu, a makarantar gwamnati ko a ta allo da a nan ake kira halwa. Yana jin Hausa a gida, amma idan aka miƙa masa shafin boko sai ya yi ta lalube. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, a littafinsa na 1999 kan Hausar Sudan, ya nuna yadda Larabci ke ratsa harshen. Saboda haka a ganinmu mujallar ta zama mai ƙofa biyu: a buɗe ta daga dama a samu ajami da Larabci, a juya ta daga hagu a samu boko don fatake da baƙin da suka zo daga Nijeriya da Nijar. Ba baƙon abu ba ne, domin kamfanin Triumph na Kano ya taɓa buga Albishir da boko, Alfijir kuma da ajami. Sharaɗi ɗaya ne: a sa wa ajamin wasula cikakku, don Hausa ba ta karantuwa babu su, a kuma tabbata ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ sun fito a boko.

Na biyu shi ne girma da kuɗi. Maɗaba'a tana lissafi ne da huɗu-huɗu, wato babbar takarda ɗaya idan aka ninke ta shafi 4 take bayarwa. Takarda 4 ke nan za su ba da shafi 16, wanda ya isa a fara da shi. Bugu mai launi yana cin faranti 4, baƙi da fari kuwa ɗaya tak, don haka a bar launi a bango, ciki ya zama baƙi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da buga jaridu a Khartum, darajar fam ɗin Sudan kuma ta zube. Wanda ya ce sai ya yi mujalla mai shafi 60 mai sheƙi, fitowa ɗaya zai yi ya rufe. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na uku shi ne abin da za a zuba a ciki. Matashi yana son hoto babba, rubutu gajere, da baitocin waƙar da yake ji bai gama kamawa ba, amma a nemi izinin mai waƙar kafin a buga. A ware shafi ga sabon mawaƙi ɗan gari a kowace fitowa, a sa shi gefe guda da irin su Aminu Ala ko Nura M. Inuwa. A ware wani ga magabata kamar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kada a manta da makaɗa da masu haɗa sauti. Kazalika a bar fili ga wasiƙu da gaishe-gaishe, domin wanda ya ga sunansa a takarda ba ya sayen kwafi ɗaya. Shi kuma bango, a zaɓi hoton da yarinya za ta shiga da shi gida ba tare da ta ɓoye shi a cikin mayafi ba. Haka nan kada a sayar da bangon ga mawaƙi mai kuɗi. Ranar da masu karatu suka gane ana saye, ranar mujallar ta zama takardar talla.

Wani zai ce me za a yi da takarda alhali kowa na da waya? A watan Fabrairun 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a yawancin sassan Sudan. Takarda ba ta neman caji, ba ta neman layi, kuma kwafi ɗaya yakan zaga hannaye da dama a wajen mai shayi. Ga shi babu abin da zai hana a ɗauki hoton shafukan a tura ta WhatsApp ga 'yan uwa a Mai Wurno ko Kasala.

A nan ne magana ta zo kanmu 'yan kasuwa. Mujalla haja ce kamar kowace haja, kuma abin da ya fi kashe ƙananan masu bugu shi ne bashi: a karɓi kwafi 50, a sayar, a juya kuɗin a wani kaya, mai ita yana jira bai biya maɗaba'a ba. Wanda ya karɓa ya biya a kan lokaci, ya mayar da ragowar. Mai shagon waya, tela, da mai kayan kwalliya su sa talla, don masu karatun su ne abokan cinikinsu. Masu bugun su ma su lura da lokaci. Gadarif garin riɗi ne da dawa, kuɗi yana shiga aljihun matasa ne da kaka, daga Oktoba zuwa ƙarshen shekara, to a sa babbar fitowa a wannan lokaci da kuma gabanin sallah.

Yaron da ya koyi karanta Hausa saboda yana son baitin waƙa, gobe da ita zai rubuta wa kakansa wasiƙa, da ita zai rubuta lissafin shago. Idan muka bar shi da sauti kawai, wata rana sautin ma zai daina fahimta. Allah Ya ba matasanmu ikon farawa, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amana.