Tsara Rauji da Kwamfuta: Matsayin Karin Sauti da Nauyin Gaɓa

1.0 Gabatarwa

Galibin waƙoƙin da ake ji a yau wajen biki ko taron siyasa a Samaru da Sabon Garin Zariya, har ma da ƙauyukan gefen Jami'ar Ahmadu Bello irin su Bomo, ba a kaɗa musu kalangu ko goge ba. A ɗaki aka haɗa su, mawaƙi na gaban makirfo, mai haɗa kiɗa na gaban kwamfuta. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara rauji mai sauƙi da manhajar kiɗa, tare da nuna cewa a Hausa wannan aiki daga harshe yake farawa. Wanda bai san nauyin gaɓa da karin sauti ba, kome ƙwarewarsa da na'ura, yana iya sa waƙa ta faɗi abin da mawaƙi bai nufa ba.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu rarrabe abubuwa uku da ake yawan cuɗa su. Karin sauti shi ne hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa ta kalma, watau karin sama da na ƙasa da faɗau. Karin waƙa shi ne ma'aunin da baiti ke bi wajen jera gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Rauji kuwa shi ne hanyar da murya ko abin kiɗa ke bi wajen rera waƙar, wanda mutum kan iya yin fitonsa ko da bai san kalmomin ba.

2.0 Asalin Al'amarin

A shekarar 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa na Amurka da Japan suka daidaita a kan wata ƙa'ida mai suna MIDI, wadda ta ba fiyanon lantarki da kwamfuta damar fahimtar juna. A 1989 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da manhajar Cubase. A ƙarshen 1997 kamfanin Image-Line na Beljiyam ya fito da FruityLoops, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003.

A ƙasar Hausa, fina-finai ne suka share wa wannan fasaha hanya. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, masu shirya fim sun bukaci kiɗa mai araha wanda mutum ɗaya zai iya haɗawa. Fiyanon Yamaha ya biya wannan bukata, har aka riƙa kiran waƙoƙin da sunan waƙoƙin fiyano ko nanaye, kuma farin jinin da fim ɗin Sangaya ya samu ya ƙara kafa salon. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi. Daga baya kwamfuta ta karɓi yawancin aikin, sana'ar kuma ta bazu daga fim zuwa waƙoƙin aure da na siyasa da na bege da na talla.

3.0 Yadda Manhaja ke Kallon Rauji

Manhajar kiɗa takan shimfiɗa wa mai aiki wani allo mai kama da takardar lissafi. Daga hagu zuwa dama lokaci ne, daga ƙasa zuwa sama kuma tsinin amo ne. Duk amon da ake so sai a zana shi kamar ɗan bulo: matsayinsa a sama ko ƙasa ya nuna tsininsa, tsawonsa kuma ya nuna daɗewarsa. A ƙa'idar MIDI akwai matakai 128, daga 0 zuwa 127. Amon do na tsakiyar fiyano shi ne 60, re 62, mi 64, so 67, la kuwa 69, wanda ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Ta fuskar lokaci, abin da FL Studio ke fara ba mutum shi ne gida mai bugu 4, kowane bugu an raba shi 4, watau gurabe 16 ke nan.

Abin lura a nan shi ne, abubuwa biyun da allon ke aunawa, tsini da daɗewa, su ne ainihin abubuwa biyun da Hausa ke amfani da su wajen bambanta ma'ana.

4.0 Abin da Harshe ke Bukata

Gaɓar Hausa iri biyu ce ta fuskar nauyi. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali. Mai nauyi ita ce baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko wadda baƙi ya rufe, kuma a ma'aunin waƙa ana ƙidaya ta ninkin marar nauyi. Tsawon wasalin farko kaɗai ya raba gari na zama da gari na tuwo. Ta fuskar kari kuwa, kuka na hawaye sama-sama ne, kuka ta miya sama-ƙasa. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta jimlar Hausa wadda mai tsara rauji ba zai yi watsi da ita ba. A jimlar bayani murya gangarawa take yi: duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai na baya tsini.

Masana sun daɗe suna tambayar ko rauji na bin karin sauti. A 1972 Paul Richards ya ƙidaya hawa da saukar murya a wata waƙar Hausa, ya tarar raujin na dacewa da karin kalmomi fiye da yadda za a ce katari ne, ko da yake ba a kowane wuri ba. William Leben ya sake duba batun a 1983. A nan Zariya, Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya nuna a 1980 cewa marubuta waƙa kan daidaita karin sautin ƙarshen layuka, watau amsa-amon kari. Darasin da za a ɗauka shi ne, mawaƙi yana da 'yanci, amma 'yancin na da iyaka. Yana iya shimfiɗe gaɓoɓi biyu masu kari daban a kan amo ɗaya, mai sauraro ya gane. Abin da ke da haɗari shi ne rauji ya hau inda kalma ta sauka, ko ya sauka inda ta hau.

5.0 Misali

Bari mu ɗauki layi ɗaya da muka shirya domin wannan bayani, irin wanda manomin Bomo zai iya faɗa a farkon damina: Ruwa ya sauka, gero ya tsira.

Matakin farko shi ne yanka layin gaɓa-gaɓa, a ba marar nauyi gurbi 1, mai nauyi gurbi 2. Na biyu shi ne sa wa kowace gaɓa karinta, S don sama, Ƙ don ƙasa. Na uku shi ne zaɓen amo. Da yake waƙoƙinmu da yawa a kan matakai biyar suke tafiya, za mu tsaya ga do, re, mi, so, la. Ga yadda abin zai kasance:

Gaɓa: ru wa ya sau ka / ge ro ya tsi ra
Nauyi: 1 2 2 2 1 / 2 2 2 1 1
Kari: S S S Ƙ S / S S S Ƙ S
Amo: 67 67 67 62 64 / 64 64 64 57 60

Kowane rabi ya ɗauki gurabe 8, layin duka ya cika gurabe 16 cif. Raujin ya fara a kan so, ya faɗa re a gaɓar sau, sannan ya hau mi, bai koma so ba, domin bin gangarawar da muka ambata. Rabi na biyu ya ɗauka daga mi, ya faɗa la na ƙasa, ya huta a kan do. Gaɓar ƙarshe ana iya jan ta yadda ake so, gama ƙarshen layi a waƙar Hausa a sake yake.

Mai karatu zai lura da wani abu. Manyan bugu suna faɗawa a gurbi na 1 da 5 da 9 da 13. A rabi na biyu gaɓoɓi masu nauyi sun zauna daidai a kan bugu, amma a rabi na farko sun fara a gurbi na 2 da 4 da 6, har bugu na biyu ya faɗo a tsakiyar ya. Wannan 'yar tsallake ita ce ke sa rauji ya yi armashi, kuma kalmomin ne suka kawo ta da kansu.

To, yanzu a ce mai haɗa kiɗa ya ga rabi na biyu bai yi masa daɗi ba, ya ja bulon tsi ya ba shi gurbi 2, ya ɗaga shi daidai da ra. Nan take geron ya daina tsirowa daga ƙasa, ya koma wanda ya kuɓuta daga halaka, domin tsira mai dogon wasali da kari sama-sama wata kalma ce daban. Kuma don ya sami gurbin da ya ƙara, tilas ya rage daga ya. Gajeren ya mai karin sama na shuɗaɗɗen lokaci na biyu ne. In kuwa ya saukar da shi ƙasa, jimlar ta zama fata ko umurni. Da motsin yatsa ɗaya an taɓa ma'anar kalma, an taɓa nahawu.

6.0 Inda Manhaja ke Saɓa wa Kunnen Bahaushe

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, manhajar nan kuwa a gidan kiɗan Turai aka haife ta. Wurare huɗu ne wannan ya fi bayyana.

Na farko, matakan amo. Fiyano ya raba tazarar do zuwa do na sama gida 12 daidai wa daida. Tun 1885 Alexander Ellis ya nuna cewa al'ummomin duniya ba su haɗu a kan rabo ɗaya ba. Goge da kukuma da kuntigi ba su da tsani a wuyansu, yatsan makaɗi ne ke tsaida amo inda kunnensa ya yarda, ko da tsakanin mabuɗan fiyano biyu ne.

Na biyu, sulɓin murya. Kalangu yana magana ne domin makaɗi na matsa tsarkiyarsa yana saki, amo ya sulɓe daga wani tsini zuwa wani. Haka faɗau yake a kalmomi irin su rai da yara, da kai na jiki wanda faɗau ne ya raba shi da kai na wakilin suna. Bulo ɗaya miƙaƙƙe ba zai ɗauki faɗau ba. Sai a ba gaɓar amo biyu, na sama da na ƙasa, ko a yi amfani da na'urar lanƙwasa amo da ke cikin manhajar. Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997, tana fizgar murya zuwa mataki mafi kusa. In an tsananta ta, sai faɗau ya koma hawan bene, ko ya ɓace.

Na uku, rabon lokaci. Kaɗe-kaɗenmu da dama suna raba bugu gida 3 ne. Bruce Hayes da Russell Schuh sun nuna a 2019 cewa ƙafar rajaz a Hausa a kan ma'auni 6 take tafiya. Wanda ya cusa irin wannan baiti cikin gurabe 16, dole ya ja wasu gaɓoɓi ya guntule wasu. Maganin abin shi ne a sauya allon zuwa gurabe 12 tun kafin a zana amo na farko. Haka kuma akwai umurnin da ke jawo kowane amo ya zauna kan layi sak. Yawan amfani da shi na kashe ɗan jinkiri da ɗan gaggawar da ke bambanta hannun mutum da agogo.

Na huɗu, muryoyin kayan kiɗa. Jerin kayan kiɗa 128 da aka daidaita a 1991 ya ƙunshi sita da shanai na Indiya, da koto na Japan, da kalimba, amma babu kalangu, babu kotso, babu algaita. Mafita ita ce a ɗauki amon kayanmu daga hannun makaɗa na ainihi, da yardarsu da kuma ladansu, a shigar cikin manhajar.

7.0 Amfani ga Manazarci

Lokacin da David Ames ya yi aiki a Zazzau, Anthony King kuma a Katsina, aikin da ya haifar da ƙamusunsu na kiɗan Hausa a 1971, da rikoda da kunne aka dogara. Yanzu ɗalibi yana iya ɗaukar waƙar Alhaji Mamman Shata ko ta Ɗanmaraya Jos, ko yadda ake rera Imfiraji ta Aliyu Namangi, ya auna tsinin murya da manhajar Praat wadda ake samu kyauta, ya zana raujin a allo, ya jera karin kalmomi a ƙarƙashinsa, ya ƙidaya inda suka dace da inda suka saɓa. Malamin aruli ma yana iya sa ɗalibansa su ji bambancin ramal da rajaz da kunnensu, maimakon alamomi a allo kawai.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa tsara rauji a kwamfuta jera amo ne bisa tsini da daɗewa, kuma a Hausa waɗannan biyu suna ɗauke da ma'ana. Saboda haka tsarin aikin shi ne a fara da kalma, a auna gaɓoɓinta, a sa mata karinta, a zaɓi rabon lokacin da ya dace da ita, sannan a zana amo. Makaɗan gargajiya sun san wannan ta hanyar gado da daɗewa a bayan ubangida suna amshi. Matashin da ke gaban kwamfuta a Sabon Gari bai bi ta wannan makaranta ba, sau da yawa shi kaɗai ne makaɗi da 'yan amshi. Ya rage ga sassan koyar da Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su kai masa wannan sani, ta hanyar kwasa-kwasai da ƙananan littattafai cikin harshen da yake waƙa da shi, su kuma tanadi taskar amon kayan kiɗanmu tun masu kaɗa su na raye.