Ko Kun Sani?

Abin wuyan lantarki da mafarauta a Amurka ke saye a kanti don horar da karnukansu, ɗaura shi laifi ne a yankin Wales na Birtaniya. Tun 2010 dokar yankin ta haramta sanya wa kare ko kyanwa abin wuyan da ke jan su da lantarki, kuma a 2011 kotu ta ci wani mutum tarar fam 2,000 saboda shi. A Jamus ma wata babbar kotu ta tabbatar da haramcin a 2006. Dalili shi ne zafi da firgicin da dabbar ke sha. Amma dokar Wales ba ta hana abin wuya mai yin ƙara ko girgiza kawai ba.