Me Ya Sa 'Yan Wasa Ke Yin Ritaya Da Sauran Ƙarfinsu?

A watan Satumban 2024 Raphael Varane ya daina buga ƙwallo yana ɗan shekara 31. Mai tsaron baya ne da ya ɗauki Kofin Duniya da Faransa a 2018, ya kuma ɗauki Kofin Zakarun Turai sau huɗu da Real Madrid. Raunin gwiwa da ya ji a wasansa na farko da Como ta Italiya ne ya tsayar da shi, amma tun watanni kafin nan ya faɗi abin da ya fi gwiwar tayar da hankali. Ya shaida wa jaridar L'Équipe cewa a wasan Faransa da Najeriya a Kofin Duniya na 2014 ƙwallo ta buge shi a gefen kai, ya ƙarasa wasan ba ya cikin hayyacinsa sosai, kuma bayan 'yan kwanaki aka sake sa shi a wasa da Jamus. Ya ce yanzu yana hana ɗansa ƙarami sa wa ƙwallo kai.

Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya sha bugu sai ta girgiza ta doki ƙashi, kuma ba lallai mutum ya suma ba kafin ta ji ciwo. Abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ƙananan bugun da ke taruwa shekara da shekaru. Wani likita ɗan asalin Najeriya, Bennet Omalu, shi ne ya gano cutar da ake kira CTE a ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan ƙwallon Amurka irin ta karo da juna, wanda ya rasu a 2002. Cutar na zuwa da mantuwa da saurin fushi da baƙin ciki mai tsanani, kuma har yau sai bayan mutuwa ake iya tabbatar da ita. Tsoronta ne ya sa Chris Borland ya bar ƙungiyar ƙwallon Amurka ta San Francisco 49ers a 2015 yana ɗan shekara 24, bayan kakar wasa ɗaya tak, har ya mayar da kaso mafi yawa na kuɗin sa hannunsa.

Ƙwallon ƙafar da muke kallo ma ba ta tsira ba. Binciken Jami'ar Glasgow na 2019 ya nuna tsofaffin 'yan ƙwallon Scotland sun ninka sauran jama'a kusan sau uku da rabi wajen mutuwa da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa. Da aka zurfafa binciken sai aka ga masu tsaron baya ne suka fi shiga haɗari, masu tsaron raga kuwa, da ba kasafai suke sa kai ba, ba su bambanta da kowa ba.

Akwai waɗanda zuciya ce ta fitar da su, ba da son ransu ba: Sergio Aguero a Barcelona a 2021, da Enock Mwepu na Zambiya a Brighton a 2022 yana ɗan shekara 24. Duk wanda ya tuna faɗuwar Samuel Okwaraji a filin wasa na Legas a 1989 zai gode wa Allah da aka gano ciwon zuciyar Aguero da Mwepu da wuri.

Wasu kuma lafiyarsu ƙalau, ransu ne ya koma wani wuri. Ashleigh Barty ta Ostareliya ta ajiye wasan tanis a watan Maris na 2022 tana ta ɗaya a duniya, shekararta 25, tana cewa ba ta da sauran kuzarin da wasan ke buƙata. Khabib Nurmagomedov ya bar damben da ake haɗawa da kokawa a 2020 ba a taɓa kayar da shi ba a karawa 29, domin bayan rasuwar mahaifinsa ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin zai daina. Masu kiran irin wannan ragwanci ba su yi adalci ba. Ɗan wasa yakan gama sana'arsa kafin ya kai 40, kuma da jikin nan da kan nan zai rayu sauran shekarunsa, ya riƙe iyalinsa.

Sai dai wannan zaɓi na masu hali ne. Varane da Barty sun tara abin da zai riƙe su. Yaron da ke buga wa ƙaramin kulob, albashi ba ya zuwa a kan kari, gida kuma shi ake jira, zai ɓoye jirin da yake gani don kada a cire shi. Shi ya sa kariyar ta koma wuyan dokoki da masu horarwa. Tun 2020 Ingila ta hana yara 'yan firamare atisayen sa kai, kuma daga Yulin 2024 dokokin ƙwallo sun bai wa gasa damar ƙara canji na musamman ga wanda ake zargin ƙwaƙwalwarsa ta girgiza. Ko a filin unguwa, ɗan wasan da ya yi karo da kai sannan ya fara ganin jiri, ko amai, ko ciwon kai, ko ya kasa tuna ci nawa ake, a fitar da shi nan take, kada ya koma wasa a ranar, a kuma kai shi likita ya duba.