Bishop Ajayi Crowther da iyayen gidansa: darussan jagoranci ga masu hidimar coci

A ranar 29 ga watan Yuni, 1864, aka naɗa Samuel Ajayi Crowther muƙamin bishop a babbar majami'ar Canterbury da ke Ingila, inda ya zama baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Anglika. Shekara 43 kafin wannan rana, yaro ne da maharan bayi suka kama a garin Osogun na ƙasar Yarbawa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai hannayen malamai da iyayen gida da suka raine shi. Yadda suka yi wannan raino, da abin da ya faru bayan sun kau, ya ƙunshi darussa ga duk mai riƙe da jagorancin ikilisiya a yau, musamman ganin yadda rikicin gadon shugabanci ke raba kawunan majami'u.

An kama Ajayi a 1821, aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin fatakin bayi na Turawan Fotugal. A 1822 sojojin ruwan Birtaniya suka tare jirgin, suka sauke bayin a Firitawun ta ƙasar Saliyo. A can ya shiga makarantar ƙungiyar mishan ta CMS, aka yi masa baftisma a 1825, sannan a 1827 ya kasance cikin ɗaliban farko na Kwalejin Fourah Bay.

Malamin da ya zauna ya koya daga ɗalibinsa

Darasi na farko ya fito ne daga John Raban, limamin da ya yi masa baftisma. Raban yana tattara kalmomin Yarbanci, don haka ya riƙa zama gaban wannan saurayi yana tambaya yana rubutawa. Da haka Crowther ya gane cewa harshen uwarsa abu ne mai daraja da ya cancanci a rubuta shi. A 1841 kuma aka haɗa shi da James Frederick Schön a tawagar da Birtaniya ta tura Kogin Kwara. Schön shi ne wanda daga baya ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Zazzaɓi ya hallaka Turawa da dama a wannan tafiya, abin da ya sa Schön ya ba da shawarar cewa 'yan Afirka ne ya kamata su ɗauki nauyin aikin bishara a yankin, ya kuma yaba da ƙwazon abokin tafiyarsa. Wannan shaida ce ta buɗe wa Crowther ƙofar zuwa Landan, inda aka naɗa shi limami a 1843.

Abin da ya gani wurin waɗannan mutane biyu shi ya riƙe tsawon rayuwarsa. Ya rubuta nahawu da ƙamus na Yarbanci, ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshen, ya kuma yi littattafan koyon Ibo da Nufanci. Ke nan almajiri ya fi kwaikwayon abin da ya ga malaminsa yana yi a kan abin da ya ji yana faɗa.

Ubangidan da ya miƙa ragama

Babban ubangidan Crowther shi ne Henry Venn, sakataren CMS daga 1841 har kusan rasuwarsa a 1873. Ra'ayin Venn shi ne cewa ikilisiya ba ta kafu ba sai ta cika sharuɗɗa uku: ta ɗauki nauyin kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa bishara da kanta. A ganinsa, ɗan mishan baƙo ne, kuma baƙo raɓa ne, dole wata rana ya tashi ya bar wa 'yan gida.

Venn ya aiwatar da wannan ra'ayi a aikace. A 1857 aka ɗora wa Crowther jagorancin aikin mishan na Kogin Kwara, wanda ma'aikatansa 'yan Afirka ne, akasarinsu daga Saliyo. Suka kafa tashoshi a Onica da Gbebe, daga baya kuma Lakwaja. Da maganar bishop ta taso, wasu Turawan mishan, ciki har da Henry Townsend na Abekuta, suka ƙi amincewa su zauna ƙarƙashin baƙar fata. Shi kansa Crowther ya yi ta nuƙu-nuƙu, sai da Venn ya matsa masa kafin ya karɓa. Darasi na biyu ke nan: raino bai cika ba sai ubangida ya ba yaronsa iko na gaske, ya kuma tsaya masa a gaban masu suka.

Akwai kuma abin da Crowther ya ƙara daga basirarsa. A mu'amalarsa da Musulmi ya guji gardamar da ke tunzura zuciya, ya fi son tattaunawa cikin ladabi. Ya riƙa ziyartar Etsu Nupe Masaba a Bida, suka ƙulla mutunci, duk da cewa kowannensu yana riƙe da addininsa. Ga ƙasar da Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, wannan ɗabi'a ba ta tsufa ba.

Bayan da inuwa ta gushe

Sai dai tsarin yana da rauni tun daga tushe. Don a lallashi masu adawa, an cire Legas da Abekuta da Ibadan daga ƙarƙashin ikonsa. Yankin da aka ba shi mai faɗi ne, kuɗi kaɗan ne, kuma sau da yawa sai ya jira jiragen 'yan kasuwa kafin ya kai ziyara tashoshinsa. Ma'aikata suka daɗe babu mai duba su, wasu suka kauce hanya, shi kuwa bishop mutum ne mai sanyin hali, ya fi karkata ga yafiya a kan horo.

Muddin Venn yana raye, akwai mai kare shi a Landan. Bayan rasuwarsa sai iska ta juya. Wasu matasan Turawan mishan, irin su Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson, suka iso da tsattsauran ra'ayi. A wani zama da aka yi a Onica a watan Agusta na 1890, aka dakatar da ma'aikata 'yan Afirka a gaban idon dattijon, har da ɗansa, Dandeson Crowther. Wasu zarge-zargen suna da tushe, amma salon da aka bi na wulaƙanci ne. Bishop ɗin ya janye daga kwamitin, ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba, 1891. Aka maye gurbinsa da Bature, kuma sai da aka shafe kimanin shekara 60 kafin wani ɗan ƙasa ya sake riƙe cikakkiyar dayosis ta Anglika a Najeriya.

Nan ne darasi mafi nauyi yake. Venn ya raini mutum, amma bai samu ya shawo kan ƙungiyarsa ta rungumi manufarsa ba, don haka kariyar ta bi shi kabari. Crowther kuma ya gaji amana da haƙuri, amma bai samu tsarin sa ido da zai tsare waɗanda shi ma yake rainowa ba. Jagoran da ke shirya magaji yana bukatar ya shirya majalisar dattawa da dokokin da za su karɓi magajin, ya kuma koya masa tsawatarwa kamar yadda ya koya masa tausayi.

Cocin Anglika ta Najeriya ta zama mai cin gashin kanta a 1979, fiye da ƙarni guda bayan rasuwar Venn. A 2014 kuwa, yayin bikin cika shekara 150 da naɗin Crowther, Akbishop na Canterbury Justin Welby ya bayyana nadamar cocin Ingila kan yadda aka yi wa bishop ɗin, a cikin majami'ar da aka naɗa shi.