Ƙananan Zanen Tafkunan Kanada a Kasuwar Gwanjo

Zanen share fage shi ne ɗan hoton da mai zane yake yi da fentin mai a kan ƙaramin allon katako, yana zaune a gaban abin da yake zanawa, kafin ya koma gida ya fitar da babba a kan ƙyalle. A Kanada irin waɗannan alluna sun fi alaƙa da Tom Thomson da kuma ƙungiyar masu zane bakwai da aka kafa a Toronto a 1920.

Thomson yakan shiga dajin Algonquin da kwale-kwale, ɗauke da akwati mai tsagogi inda ake jera alluna don kada ɗanyen fenti ya goge. Girman allon wajen santimita 21 da 27 ne. A kansa yake kama hasken yamma a bisa ruwa ko narkewar ƙanƙara, da sauri kafin yanayi ya juya. Ya bar alluna wajen 400, da yawa kuwa kyauta ya rabar. Ya rasu a tafkin Canoe a Yulin 1917.

Yau farashinsu ya kai miliyoyi. A 2009 kamfanin gwanjo na Heffel ya sayar da allon Lawren Harris, ɗaya daga cikin masu zane bakwai ɗin, na wani kututture a bakin tafkin Superior a kan dalar Kanada miliyan 3.51.

Mai saye na ƙwarai yakan fara da juya allon ya duba bayansa. Nan ake samun rubutun hannu, tambarin gidajen da suka taɓa baje shi, da sunayen waɗanda ya bi ta hannunsu. Allunan da Thomson ya bari kuma an buga musu hatimi mai haruffan TT da shekarar 1917, wanda abokinsa J.E.H. MacDonald ya tsara. Sai a haska allon da fitila ta musamman don gano wurin da aka yi wa kwaskwarima.

Jabu ma yana yawo. A 2023 gidan adana zane na Vancouver ya tabbatar cewa alluna goma da aka ba shi da sunan MacDonald ba aikinsa ba ne, bayan binciken fentin da rubutun. A wajen gwanjo kuwa, bayan kuɗin da aka sallama, mai saye yana biyan la'adar kamfanin gwanjo da haraji.